Daga Kaulaha zuwa bakin teku: Yadda za ki kai yara yawon kwalekwale a Salum ki dawo da su lafiya



Duk shekara matanmu da dama daga Najeriya da Nijar da Ghana suna zuwa Kaulaha ta ƙasar Senegal domin ziyara, wasu ma har da 'ya'yansu. Idan kina cikinsu, wataƙila kin lura da kogin da ke gefen garin, da tsibin gishiri fari fat a bakinsa. Sunan kogin Salum. Idan aka bi shi zuwa yamma, sai ya rarrabu zuwa rassa barkatai kafin ya faɗa Tekun Atilantika, ya bar tsibirai fiye da 200 a tsakani. Wannan yanki na ɗaya daga cikin wuraren da suka fi albarkar tsuntsaye da halittun ruwa a Afirka ta Yamma, kuma ba a ganinsa sai a cikin kwalekwale.

Na san abin da ya zo miki a rai da kika ji kwalekwale. Babu uwar da ta manta da Bagwai ta Jihar Kano, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife da 'yan Islamiyya, aƙalla mutum 29 suka rasu. Tsoronki yana kan hanya, kuma a matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan ce ki ajiye shi ba. Abin da nake so shi ne ki mayar da shi tambayoyi, ki yi su tun kina bakin gaɓa. Yawancin abin da ke sa tafiyar ruwa ta yi kyau ko ta ɓaci, kafin a tayar da inji ake yanke shi.

Ina ne wurin?

Gwamnatin Senegal ta keɓe hekta 76,000 na wannan yanki a matsayin gandun ƙasa a 1976. A 1984 ya shiga jerin muhimman dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2011 kuma hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Garin da ya fi sauƙi ga wadda ta taso daga Kaulaha shi ne Tubakuta, kimanin kilomita 70 a kan hanyar da ta bi ta Sokon ta nufi iyakar Gambiya. Garin yana bakin wani babban reshen ruwa mai suna Banjala, kuma daga nan kwalekwalen inji ke ɗaukar baƙi tare da ɗan jagora. Akwai yawon sa'o'i biyu zuwa uku, akwai na wuni guda. Ga mai ƙananan yara, gajeren ya wadatar.

Wani abin mamaki game da kogin Salum shi ne ruwansa na can sama, wajen Kaulaha, ya fi na teku gishiri a yawancin shekara. Ruwan daɗi da ke shigo masa kaɗan ne, musamman tun farin shekarun 1970, sai teku ta riƙa turo nata ciki, rana kuma tana ƙafar da shi. Abin da ya sa ake noman gishiri a Kaulaha ke nan.

Ruwan da ke tafiya ya dawo

Mu da muka saba da kogi da madatsar ruwa, mun san ruwa yana cika da damina ya janye da rani. A bakin teku kuwa, sau biyu yake cikowa ya janye a kowane wuni da kwana. Wata ne ke janyo shi, shi ya sa lokacin yake jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. A farkon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, cikowar ta fi yawa, janyewar ta fi nisa, ruwan kuma ya fi gudu.

Wannan ya shafe ki kai tsaye. Idan ruwa ya janye, laka tana bayyana, tsuntsaye da ƙaguwa su fito kiwo, kallo ya yi daɗi. Amma a lokacin ne kuma wasu ƙananan hanyoyin ruwa ke ƙafewa, kwalekwale ya maƙale har sai ruwa ya dawo bayan sa'o'i. Don haka idan ɗan jagora ya ce ƙarfe kaza za a tashi, kada ki ce sai kin gama shirya yara a tsanake. Ruwa ba ya jiran kowa.

Abin da yara za su gani

Da zarar an bar gari, kwalekwale zai shiga wasu lunguna na ruwa da mutanen wurin ke kira bolon. Dama da hagu itatuwa ne kore shar, tsaye a cikin ruwan gishiri. Sunansu mangurof, kuma ba su da dangantaka da mangwaro. Iri biyu za ki fi gani. Ɗaya saiwoyinsa suna fitowa daga jikinsa su lanƙwasa su shiga laka, kamar mutum ya tsaya a kan ƙafafu da yawa. Ɗayan kuma saiwoyinsa suna tsirowa sama daga cikin laka kamar an kakkafa fensir, da su yake shaƙar iska, kuma yana fitar da gishiri ta ganyensa. Ki ce wa ɗan jagora ya nuna wa yara ƙwayoyin gishirin a kan ganyen.

Na farkon yana da wata hikima da ke burge iyaye mata. Irinsa yana tsira tun yana maƙale a jikin uwar, ya yi tsawo kamar mashi, sai ya ƙosa sannan ya faɗo ya cake a laka ko ruwa ya tafi da shi wani wuri. A tsakanin saiwoyin nan ƙananan kifaye ke ɓuya har su girma, kuma su ne ke riƙe ƙasa kada igiyar ruwa ta cinye ta.

A kan laka akwai ƙaguwa ƙanana, namijin da hannu ɗaya ƙato yana ɗagawa kamar mai kiran wani. Akwai kuma wani kifi mai idanu a tsakiyar ka, wanda ke fitowa daga ruwa ya riƙa tsalle a kan laka. Yara sukan fi son wannan a kan komai.

Tsuntsaye kuwa sai wanda ya gani. Akwai balbela da zalɓe iri-iri, har da zalɓen da ya fi kowane girma a duniya, wanda tsayinsa kan kai mita ɗaya da rabi. Akwai kwasakwasa mai jaka a ƙarƙashin baki, da mikiya mai kamun kifi. Daga Nuwamba zuwa Maris ana samun baƙi daga Turai, cikinsu har da wani shaho mai cin kifi da ke tasowa daga ƙasashe irin su Birtaniya da Jamus, ya ƙetare Sahara, ya yi hunturu a nan. Kusa da Tubakuta akwai wani ɗan tsibirin mangurof da tsuntsaye ke taruwa su kwana, ana kai baƙi dab da faɗuwar rana su ga yadda suke sauka garke-garke. Can kusa da teku kuma akwai Tsibirin Tsuntsaye, inda dubban tsuntsayen teku ke yin ƙwai a kan rairayi. Wannan tafiya ce mai nisa, ruwanta ya fi motsi, ba ta ƙananan yara ba ce.

Idan da rabo, za ku ga dolfin. Irin da ke Salum yana da ɗan tozo a baya, a gaɓar yammacin Afirka kaɗai ake samunsa, kuma tun 2017 aka sanya shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Ki gaya wa yara cewa duk da kamarsa da kifi, haihuwa yake yi ya shayar da nono.

Akwai kuma ayu, wanda sunansa ba baƙo ba ne a kunnen matan Hausa saboda man ayu. Dabba ce mai kunya, mai cin ciyawa da ganye, da wuya a gan ta. Macen tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tak, sai bayan shekaru ta sake. Shi ya sa farautarsa saboda nama da mai ta rage shi ƙwarai, har aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 2013. A asibiti dai ba mu san man ayu a matsayin maganin komai ba, kuma duk kwalbar gaskiya da aka sayar, ran ayu guda ta ci.

Tsibirin da mata suka gina

A jikin saiwoyin mangurof za ki ga wasu abubuwa masu ɓawo sun manne. Kawa ce, dangin dodon-koɗi mai ɓawo biyu, mutanen wurin suna ce mata yokos. Ita da wasu 'yan'uwanta da ake tonowa a laka su ne sana'ar matan tsibiran, 'yan ƙabilar Serer da Mandinka. Idan ruwa ya janye sai su fita su tara, su dafa, su ɓare, su shanya, su kai kasuwa.

Sana'ar ta daɗe har ɓawon da ake zubarwa ya zama tudu. UNESCO ta ƙidaya irin waɗannan tuddai 218 a yankin, wasu tsawonsu ɗaruruwan mita, 28 daga ciki kuma akwai kaburburan mutanen da a kansu. Ɗaya daga cikin sanannu shi ne tsibirin Jorom Bumak, kusa da Tubakuta. Idan kun sauka, za ku ji ɓawo yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, ga manyan bishiyoyin kuka sun tsiro a kai. Ki hana yara tsince-tsince, wurin maƙabarta ce kuma doka ta kare shi.

Yankin yana fuskantar barazana. A 1987 igiyar teku ta yanke doguwar gaɓar rairayi ta Sangomar da ke kare tsibiran, tun daga nan ɓarakar take faɗaɗa. Fari da saran itace sun kashe mangurof mai yawa. Sai dai mutanen wurin ba su naɗe hannu ba. Ƙungiyar Oceanium ta Haidar El Ali, wanda ya zama ministan muhalli a 2012, ta jagoranci ƙauyuka wajen dasa miliyoyin mangurof a Kasamans da Salum. A bolon na Bambun, kusa da Tubakuta, ƙauyuka sun amince aka hana kamun kifi, aka mayar da wurin keɓaɓɓe a 2004 domin kifi ya samu inda zai hayayyafa. Kuɗin da kika biya ɗan jagora ɗan asalin wurin, da busasshiyar kawar da kika saya hannun matan, suna cikin abin da ke sa kare dajin ya zama riba a gare su.

Tambayoyi biyar kafin ki taka kwalekwale

Wannan ruwa da ya yi luf yana iya juyawa. A Afrilun 2017 kwalekwale ya kife kusa da tsibirin Betenti a cikin yankin nan, mutum 21 suka rasu, kusan dukansu mata masu sana'ar tara abincin ruwa. Waɗannan a ruwan aka haife su, balle ke baƙuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ne ke mutuwa ta hanyar nutsewa duk shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Ta farko: akwai rigar kariya ga kowa, har da daidai yara? Da Faransanci jile suke ce mata. Kada ki yarda da "tana cikin jirgi". Ki gan ta, ki sa wa yaro, ki ɗaure, sannan ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama. Idan ta haura haɓarsa ko kunnuwansa, ta yi masa yawa, a cikin ruwa zai zame ta ƙasa. Ta ƙananan yara tana da maɗauri da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Idan kina da hali, ki sayi ta yaranki tun daga gida.

Ta biyu: mutum nawa kwalekwalen ke ɗauka, mutum nawa za a zuba? Idan ba kowa ne ya samu wurin zama ba, ko kika ga bakin jirgin ya kusa taɓa ruwa, ki sauka. Asarar kuɗin jirgi ba ta kai komai ba. Yawanci kuɗin na jirgi guda ne, saboda haka iyali biyu suna iya haɗa kuɗi su ɗauki nasu.

Ta uku: yaushe ruwa zai janye, yaushe za mu dawo? Ɗan jagoran da ya san aikinsa zai amsa nan take. Idan kallon makwancin tsuntsaye za ku, to da duhu-duhu za a dawo, ki tambaya ko akwai fitila.

Ta huɗu: idan inji ya mutu fa? A nuna miki filafili, da abin kwarfe ruwa, da waya mai caji. Ki bar sunan matuƙi da lokacin dawowarku a masaukinku.

Ta biyar: za a fita buɗaɗɗiyar teku, ko a cikin bolon za a tsaya? Da yara, ki zaɓi bolon.

Game da lokaci, Nuwamba zuwa Afrilu ya fi, babu ruwan sama, ga baƙin tsuntsaye. A 'yan shekarun nan Mauludi yana faɗowa cikin damina, lokacin da hadari ke tasowa da iska mai ƙarfi ba sallama. Idan a lokacin kika je kuma kika ga gabas ta haɗe, a ɗage tafiyar.

Goyo, hijabi da zaman jirgi

Kada ki shiga kwalekwale da goyo a baya. Rigar kariya ba za ta zauna miki daidai ba, kuma idan kuka faɗa ruwa rigar za ta juya ki rigingine, jaririn ya koma ƙasa. Jaririn da bai kai sa rigar kariya ba, a bar shi a masauki wurin wata babba.

Ki sa dogon wando da riga mara nauyi. Zani da doguwar abaya suna shan ruwa su nannaɗe ƙafa. Ki zaɓi gajeren hijabi, ki ɗora rigar kariya a kansa, kuma ki zauna nesa da inji don kada gefen mayafi ya shiga ciki.

Kowane ƙaramin yaro ya kasance da babba guda da ke lura da shi, kusa yadda hannu zai kai. Kada a ce "ai muna da yawa", domin a nan ne kowa ke zaton wani yana kallo. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, cikin ƙasa da minti ɗaya yake ɓacewa. Idan an ga dolfin, kowa ya zauna a inda yake. Tururuwa zuwa gefe ɗaya na cikin abubuwan da ke kifar da jirgi. Ki ɗauki hotonki a zaune, sannan ki mayar da waya jaka.

Jakar uwargida

Ruwan sha mai yawa, domin na kogin gishiri ne. Rana a kan ruwa ta fi zafi, ga ta daga sama ga ƙyallinta daga ƙasa, iska kuma tana ɓoye ƙishi. Ki riƙa ba yara ruwa tun ba su nema ba. Ki tafi da malafa ko hula mai baki, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, a dama shi daidai yadda aka rubuta a jiki. Bushewar baki, raguwar fitsari da kasala alamu ne na ƙarancin ruwa a jiki.

Takalmi rufaffe. Ɓawon kawa yana yanka kamar reza. Idan yaro ya yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe, a duba ko rigakafinsa na sandarewar wuya ya cika. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura, ko zazzaɓi ya biyo baya, a je asibiti a ranar, domin ruwan gishiri mai ɗumi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu saurin yaɗuwa, musamman ga mai ciwon suga ko ciwon hanta.

Maganin sauro na shafawa da riga mai dogon hannu don yamma. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba. Ga mai tashin zuciya a mota, ya ci abu kaɗan kafin a tashi, ya zauna tsakiyar jirgi yana kallon nesa, ɗan citta ma yana taimakawa. Kawa kuwa a ci dafaffiya kawai, musamman mai juna biyu da yara.

Labari mai daɗi shi ne dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya ba ya rayuwa a ruwan gishiri. Duk da haka kada yara su yi wanka sai inda ɗan jagora ya ce, sanye da rigarsu, kina tsaye a kansu.

Idan Allah ya kawo tsautsayi

Wadda ba ta iya ruwa ba kada ta yi tsalle ta bi yaro, sai a rasa biyu. A miƙa filafili ko igiya, ko a jefa jarka rufaffiya. Idan jirgi ya kife, a riƙe jikinsa, kada a yi ƙoƙarin iyo zuwa gaɓa.

Idan an fito da yaro ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki sau 5. Daga nan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba a haka yayin da ake neman taimako. Kada a juya shi kai ƙasa, kada a danne masa ciki wai don ruwa ya fito. Wannan ɓata lokaci ne, kuma yana jawo amai ya shiga huhu. Idan yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, musamman in yana tari, ko numfashi sama-sama, ko barci yana fizgarsa. Karatu a waya ba ya maye gurbin koyo da hannu, ki roƙi ma'aikatan asibitin unguwarku su gwada miki.

Ladabin baƙo

Ki koya wa yara yin ƙasa da murya, kada su jefi tsuntsu ko su ba biri abinci. Idan tsuntsuwa ta tashi daga kan ƙwanta saboda hayaniya, rana ko wasu tsuntsaye na iya halaka shi kafin ta dawo. Leda da robar ruwa su koma jaka. A nemi izini kafin a ɗauki hoton matan da ke aiki. Idan an sauka, ki ce wa matuƙi jerejef, wato na gode da harshen Wolof.

Uwargida, tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma yaron da ya ga itace tsaye a cikin gishiri da kifi yana tsalle a kan laka ba zai manta ba. Tambayoyin nan biyar kuma ba na Senegal kaɗai ba ne. Ki yi su a Yawuri, a Tiga, a Ayoru, a Yeji, da duk inda za a ce ki sa ɗanki a jirgi. Idan kin taɓa shiga kwalekwale da yara, ki ba mu labari a ƙasa: kin samu rigar kariya daidai su?

Allah ya tsare mana zuri'a, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.